Me ya sa bidiyo ke koɗewa da zarar ya bar teburin tacewa?

Saƙon murya ne ya shigo mini bayan la'asar. Uwar amarya ce, wadda muka ɗauki bikin 'yarta a wata istiraha, wato gidan taron biki, da ke bayan garin Jidda sati biyu kafin nan. Bayan gaisuwa sai ta ce, "Ke 'yar nan, ankon nan fa ruwan hanta muka yi, da hannuna na zaɓo shi a kasuwar Balad. To wannan da nake gani kamar an wanke shi sau goma an shanya a rana, daga ina? Ita kuma amarya fuska furu-furu, sai ka ce ta kwana a hunturun Kano ba ta shafa mai ba."

Na ce, "Hajiya ki yi haƙuri, bari in duba." Na buɗe aikin a manhajar da na tace shi. Leshi na nan ruwan hanta sak, amarya na sheƙi, lallen hannunta ja wur. Sai na buɗe fayil ɗin da na tura mata a wata manhajar kallo, a kan kwamfutar nan dai, allo ɗaya, ɗaki ɗaya, idona ɗaya. Ga abin da Hajiya ke faɗa ƙiri-ƙiri. Ita ba ta yi ƙari ba, ni kuma ban yi ha'inci ba.

Duk wanda ya ɗan daɗe yana muntaj, kamar yadda muke kiransa a nan, ko editin a bakin 'yan gida, ya taɓa shan wannan. Abin da kowa ke fara yi shi ne zargin fitarwa, a ce rendarin ne ya ɓata aikin. Sai a sake fitarwa, a ƙara wa fayil nauyi, a canza daga wannan tsari zuwa wancan, a kwana kwamfuta na huci. Gari ya waye, launi na nan a koɗe. Dalili kuwa, sau da yawa babu abin da ya sami fayil ɗin. Masu karanta shi ne bakinsu bai zo ɗaya ba.

Fayil ɗin bidiyo ba ya ɗauke da launi ko ɗis. Lambobi ne zalla a cikinsa. Kowane ɗigo na hoton ana bayyana shi da lamba uku, ɗaya ta haske, biyu na launi, kuma lamba ba ta da ma'ana sai an faɗi da me aka auna. Idan ɗan'uwanka ya rubuto cewa ya turo maka ɗari biyar, ba ka san ko za ka yi murna ba sai ka ji riyal ne, ko naira, ko sefa. Haka allo yake. An ba shi lamba, an ce "ja ne, ya kai ƙarshe". To wane ja? An ce "haske rabi". Rabin me, kuma yaya za a mayar da wannan rabin ya zama hasken da ido zai gani?

Amsoshin suna cikin wata 'yar shaida da ake liƙa wa fayil. A fayilolin MP4 da MOV lambobi uku ne ƙanana. Ta farko na faɗin wane ja, wane kore, wane shuɗi ake nufi. Ta biyu na faɗin yadda aka lanƙwasa haske. Ta uku na faɗin lissafin da aka bi wajen raba haske da launi. Ga bidiyon yau da kullum, wanda ke bin ƙa'idar Rec.709, za ka ga an rubuta 1-1-1. Akwai kuma wata alama ta daban da ke nuna iyakar baƙi da fari. Mu da ke zaune a Saudiyya mun san darajar iƙama, katin izinin zama, to wannan ita ce iƙamar fayil. Wanda ba shi da ita, duk shingen da ya isa sai a yanke masa hukunci da ka. Abin haushin shi ne, ko mai cikakkiyar iƙama ma, wani jami'in ba ya dubawa, wani kuma yana dubawa amma ya fassara ta yadda ya ga dama.

Lamba ta biyun nan ita ce uwar rigima, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ita ta fitar da ƙa'idar Rec.709 a shekarar 1990 domin talabijin mai tsabtar hoto. A ciki an bayyana yadda kyamara za ta mayar da haske lamba, amma ba a bayyana yadda talabijin zai mayar da lambar haske ba. Ba mantuwa ba ce. A lokacin duk talabijin irin mai ƙeyar nan ne, kuma halittarsa ce ta sa yake danne duhu ta wata hanya sananniya, ba tare da kowa ya umarce shi ba. Wannan dannewar ita ake kira gamma, kuma ta talabijin mai ƙeya tana wajajen 2.4. Da aka koma siraran alluna, waɗanda ba su da wannan hali sai an koya musu, dole aka zauna aka rubuta abin. Takardar da ta yi wannan, BT.1886, ba ta fito ba sai 2011. Shekara 21 ke nan ƙofa na buɗe, kowa na shiga ta inda ya ga ya fi masa.

Masu kwamfuta sun riga sun bi hanyarsu. A 1996 kamfanonin HP da Microsoft suka fitar da sRGB, mai ja da kore da shuɗi iri ɗaya da na Rec.709, amma gammarsa wajajen 2.2, saboda an yi shi ne don ofis mai fitila a kunne, ba falon da aka rage wa haske ba. Apple kuwa, tsarinsa na kula da launi a kwamfutocin Mac, wanda ake kira ColorSync, idan ya ga fayil mai shaidar 1-1-1 yana karanta shi ne da abin da ya yi kusa da 1.96. Ya ɗauki lissafin ɓangaren kyamara ya juya shi. Manhajar kallo ta QuickTime da ta shiga intanet ta Safari ta nan suke bi. Manhajojin tacewa na ƙwararru irin su Premiere Pro da DaVinci Resolve kuma tun asali tunaninsu yana kan 2.4 na gidan talabijin. Fayil ɗaya, shaida ɗaya, ƙira'a uku, kuma kowa na da hujjarsa.

Tazarar 2.4 da 1.96 a takarda kamar ba komai ba ce. A ido ba haka take ba. Ɗauki ɗigon da lambarsa ke tsakiya daidai, kashi 50 cikin ɗari. Allo mai 2.4 zai ba shi haske kusan kashi 19 na cikakken fari. Mai 2.2 zai ba shi kusan 22. Mai 1.96 zai ba shi kusan 26. Yanzu hau sama, wajen kashi 80, inda farar riga take: 2.4 ya ba da kusan 59, 1.96 ya ba da kusan 65. Da ƙyar ido zai damu. Sauko ƙasa wajen kashi 20: 2.4 ya ba da kashi 2 da ɗan ɗigo, 1.96 ya ba da 4 da ɗan ɗigo. Ninki biyu cur.

To wa ke zaune a can ƙasa? Mu ne. Fatar yawancinmu, daga baƙa zuwa wankan tarwaɗa, idan aka ɗauke ta a zauren biki da daddare, a ƙasan rabin ma'aunin take sauka, daidai inda ƙira'o'in nan uku suka fi saɓawa. Shi ya sa abin da mai tace bidiyon fararen fata zai ce "ya ɗan yi haske", a wajenmu yakan zama amarya ta koma ruwan toka. Idan aka ɗaga duhu, launi ma sai ya yi kamar an tsarma shi da ruwa, domin tazarar da ke tsakanin ja da kore da shuɗin da suka haɗu suka ba da ruwan fatar ta ragu. Ruwan hanta, shuɗi mai duhu, kore irin na ganyen mangwaro, duk launukan da matanmu ke so a anko, 'yan wannan unguwar ne. Na sha kallon darussan tace launi a intanet, kuma ban cika ganin an tsaya a kan wannan ba. Mu da abin ya fi shafa ya kamata mu fi kowa saninsa.

Akwai wata hanyar koɗewar da ba ta gamma ba, kuma tana yawan haɗuwa da ita har a kasa rabe su. Alluna na yanzu da yawa suna iya nuna launi fiye da abin da Rec.709 ya tanada. Apple ya fara sa allo mai faɗin launi, Display P3, a iMac a 2015, ya kai shi waya da iPhone 7 a 2016, kuma yanzu kwamfutocin hannu masu tsada na kamfanoni da yawa haka suke. Ja na P3 ya fi na Rec.709 nuna, korensa ma haka. Idan manhajar tacewa ba ta tambayi allon ko shi wane ne ba, sai ta miƙa masa lambobin kai tsaye, shi kuma ya zuba musu nasa jan mai ƙarfi. Kana zaune kana ganin aiki ya yi kyau, launi na tashi, har kana rage shi kaɗan don kada ya yi yawa. Ka fitar, manhajar kallo mai kula da launi ta nuna maka ainihin abin da ke cikin fayil, sai ka ce an cuce ka. A nan tagar dubawar ce ta yi maka daɗin baki, fayil ɗin gaskiya ya faɗa. Premiere da Resolve duka suna da wurin kunna kula da launin allo a cikin saitinsu, amma mutane da yawa ba su taɓa leƙa wurin ba tun ranar da suka sa manhajar.

Sai maganar iyakar baƙi da fari, wadda a ƙasar nan muna da ma'auninta kyauta a kowane hoto: baƙar abaya da tob, farar rigar maza. A bidiyo mai bit 8, lambobi daga 0 zuwa 255 suke. Kwamfuta na amfani da su duka, 0 baƙi ƙirin, 255 fari fat. Bidiyo kuwa ya gaji wata al'ada daga gidajen talabijin, baƙinsa 16 ne, farinsa 235, an bar sarari sama da ƙasa. A mai bit 10 kuma 64 ne zuwa 940. Babu wanda ya fi wani, muddin mai rubutu da mai karatu sun yarda da juna. Idan fayil na 16 zuwa 235 ne aka karanta shi kamar cikakke, abaya za ta koma ruwan toka, tob ya yi dishi-dishi, hoto gaba ɗaya kamar an shafa masa hazo. Idan akasin haka ne, abaya za ta zama baƙin rami, duk aikin duwatsu da zaren da ke jikinta ya ɓace, tob kuma ya ƙone har ba ka ganin aljihu ko maɓalli. A kwamfutocin Windows wannan na iya faruwa tsakanin katin hoto da allo ma, musamman ta wayar HDMI, idan katin ya ɗauka talabijin aka jona masa. A saitin katin hoto na NVIDIA akwai wurin zaɓar cikakken zango ko taƙaitacce. Minti ɗaya ake gyara shi, amma na san waɗanda suka yi shekara suna tace aiki a kan allo mai hazo, suna ƙara wa kowane bidiyo duhu don rama abin da ba ya cikin fayil.

Lamba ta uku ta shaidar, ta lissafin raba haske da launi, ba ta cika tayar da hankali ba, sai idan shaida ta ɓata. Tsohuwar ƙa'idar Rec.601 ta 1982 tana lissafa haske da ba wa kore kusan kashi 59, ja kusan 30. Rec.709 kuma kore kusan 72, ja kusan 21. Fayil mara shaida, manhajoji da yawa girmansa suke dubawa su yi hasashe: ƙarami tsohuwar ƙa'ida, babba sabuwa. In hasashen ya kuskure ta ɓangare ɗaya, jan shimag, ƙyallen da maza ke yafawa a kai, ya karkata zuwa ruwan lemo, kore ya dushe. In ta ɗaya ɓangaren ne, ja ya ƙara duhu, kore ya yi fau. Alamar gane shi mai sauƙi ce: fari da baƙi da ruwan toka ba sa motsi ko kaɗan, masu launi ne kawai ke zamewa.

Abin da ya fi damun ƙananan masu sana'a a 'yan shekarun nan, a ganina, shi ne HDR, wato bidiyo mai faɗin zangon haske. Tun daga iPhone 12 a 2020, wayoyin Apple suna ɗaukar bidiyo da Dolby Vision mai bit 10, kuma manyan wayoyin wasu kamfanoni ma suna da irin nasu. Wannan wata duniya ce daban. Launukanta na Rec.2020 ne, wanda ya fito a 2012 kuma ya fi P3 ma faɗi. Lanƙwasar haskenta ko dai HLG, wanda BBC ta Ingila da NHK ta Japan suka ƙirƙira, ko PQ mai iya kaiwa nit 10,000, nit kuwa ma'aunin hasken allo ne. Bidiyon da muka saba, farinsa a ɗakin tacewa nit 100 ne kacal. Yanzu ka duba yadda aikin biki yake: kyamararmu ta ɗauki nata, sannan ƙawayen amarya su turo nasu na jawwal, wato waya, uwar ango ta ce lallai a sa wanda jikarta ta ɗauka. Ka jera su a layi ɗaya. Idan manhajar ba ta sauko da na HDR ɗin zuwa ma'aunin sauran ba, sai ka ga fuskoki sun ƙone, fitilun zaure sun zama farin gari. Wani lokacin kuma, a manhajojin waya, ɗan guntun HDR ɗaya da aka fara sawa ya isa ya ja aikin duka ya fita a HDR ba tare da ka lura ba. A wayarka yana walƙiya, a tsohuwar wayar gwaggo a Damagaram ya fito fari-fari ba armashi. Masu ɗaukar wa alhazai da masu Umara 'yan gajerun bidiyo sun fi kowa sanin wannan, domin farin harami a kan farin dutse da rana tsaka shi ne gwajin da ya fi tsanani. Ni dai in na san aiki ta WhatsApp da Snapchat zai yawata, nakan roƙi masu ɗauka su kashe HDR a saitin kyamara tun kafin biki. Rabinsu ba sa yi.

Dangin wannan shi ne ɗauka da log, irin S-Log3 na Sony ko C-Log na Canon, wanda da ma a koɗe yake fitowa da gangan don ya adana bayani. Wasu manhajoji da allunan kyamara suna ɗora masa gyaran launi don kallo kawai. In ba ka tabbatar gyaran ya shiga cikin aikin kansa ba, za ka tace kana ganin launi, ka fitar ka ga toka.

Duk waɗannan saɓanin karatu ne, lambobin suna nan yadda suke. Amma akwai inda fayil ɗin kansa ke rasa wani abu. Kusan duk bidiyon da ake rabawa ana matse shi da tsarin 4:2:0, wato ɗigo huɗu na haske suna raba bayanin launi guda. Ido ba ya cika kamawa, sai a wurin siririn ja a kan baƙi, kamar zanen lalle ko rubutun sunan ango da amarya da jan launi, inda gefe ke yin ɓaro-ɓaro. Haka nan saukowa daga bit 10 mai matakai 1,024 zuwa bit 8 mai 256 shi ke sa sararin samaniyar Kornish, bakin tekun Jidda, da magariba ya fito hawa-hawa kamar matakala. Bayan ka gama naka, dandalin da aka ɗora shi zai sake matse shi, kuma wurin da matsi ke fara yi wa rowa shi ne duhu. Mun sake dawowa kan fatarmu da ankonmu. Shi ya sa ainihin fayil nake turawa a matsayin takarda a WhatsApp, wanda ke karɓar har gigabait 2, maimakon in tura shi a matsayin bidiyo. Abin da zai same shi bayan an tura wa ta biyar ta tura wa ta shida, wannan ya fi ƙarfina.

(Wani abu da baƙi daga gida ke kawo mini a matsayin matsalar launi, alhali ba ita ba ce: wutar lantarkin Saudiyya 60 take bugawa a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar 50. Wanda ya zo da kyamararsa a saitin gida ya shiga zaure mai fitilun LED, yakan ga hoto na rawa ko wasu layuka na hawa da sauka. Wannan tun a ɗauka ya shiga, ba a fitarwa ba.)

Ko da an daidaita duk na sama, saura allon mai kallo da idonsa. Ƙa'ida ta ce farin bidiyo D65 ne, wajajen 6500 a ma'aunin Kelbin. Talabijin ɗin da ke majalisar gidajenmu da yawa yana nan a saitin da aka baje shi a shago, fari ya karkata shuɗi, launi an ƙure shi. Wayoyin Samsung suna da saitin launi mai tashi da na asali. iPhone na da True Tone mai canza farin allo gwargwadon fitilar ɗaki, da Night Shift mai sa shi ruwan ɗorawa da dare. Ido kansa ba ma'auni ba ne mai tsayawa wuri ɗaya. Hoton da ke kewaye da duhu yakan yi kamar ba shi da kaifi, shi ya sa aka ba ɗaki mai duhu gamma mafi girma. Ni da nake aiki bayan isha'i da labule a sake, da Hajiya da ke kallo a mota da azahar, ranar Jidda na dukan gilashi, ko da allonmu iri ɗaya ne ba abu ɗaya muke gani ba. Kuma in ka yi awa uku kana kallon hoton da ya karkata kore, idonka zai daina ganin koren.

To yaya ake gane mai laifi? Gwajin farko ba ya cin ko riyal. Ɗauki fayil ɗin da ka fitar ka mayar da shi cikin manhajar tacewa, ka ɗora shi a saman aikin asali, ka riƙa kunna shi kana kashewa. In babu abin da ya motsa, fitarwarka lafiya lau take, maganar ta koma kan manhajar kallo ko allo. In ya motsa, to a saitin fitarwa ne, kuma na'urorin awo na cikin manhajar za su nuna maka inda. Mai nuna tsayin haske zai gaya maka ko baƙi ya tashi daga ƙasa, wanda ke nufin matsalar zango, ko tsakiya ce kawai ta kumbura, wanda ke nufin gamma. Mai da'irar nan ta launi zai nuna ko launuka sun juya gefe. Su ba sa gajiya, ba ruwansu da labule. Bayan haka ka buɗe fayil ɗin da MediaInfo, wadda kyauta ce, ka duba ko shaidar na nan, ko ta ce BT.709 a wurare ukun. Sannan ka kalle shi a manhaja biyu ko uku. VLC da QuickTime a Mac ɗaya sukan ba da hoto daban-daban, kuma ganin hakan da ido shi ke kwantar wa mutum da hankali cewa ba shi ya haukace ba.

Inda nake da ra'ayi mai ƙarfi shi ne a kan maganin da aka fi yaɗawa. Akwai wani gyaran launi da ake ɗorawa a lokacin fitarwa, wanda ke ƙara wa fayil duhu don ya fito daidai a QuickTime. Yana aiki, a QuickTime. Amma ka canza lambobin kansu ke nan don faranta wa mai karatu ɗaya, duk sauran kuma za su ga bidiyon ya yi duhu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Zaɓin Rec.709-A na Resolve da zaɓin gammar kallo da sabbin fitowar Premiere suka kawo, mai 2.4 da 2.2 da 1.96, sun fi wannan hankali, domin suna sa tagar dubawa ta nuna maka yadda wani mai kallo zai gani tun kana aiki. Amma su ma ba su kashe saɓanin ba. Sun dai ba ka damar zaɓar wanda za ka yi wa aiki. Wannan zaɓin kuwa ba manhaja ce za ta yi maka ba. Aikin da zai je gidan talabijin, 2.4 ne babu ciniki. Aikin biki da talla na shago, waɗanda a waya za a kalla, ni a 2.2 nake tace su, don yana tsakiya: mai 1.96 zai ga ya ɗan yi haske, mai 2.4 zai ga ya ɗan yi nauyi, babu wanda zai ga ɓarna. Kuma ina ajiye waya biyu a gefen kwamfuta, ɗaya mai tsada irin ta mutanen nan, ɗaya mai araha irin wadda dangi ke riƙewa a gida. Aiki ba ya fita sai ya wuce ta hannun su biyun.

A maganar Hajiya, gudun garan na fara yi. A daren na ƙara wa bidiyon duhu da launi, da ido kawai, har sai da ya yi daidai a manhajar kallon da ta tsorata ni, na tura. Ta ce yanzu ta ga ankonta. Kwana biyu sai ga ta kuma: ƙanwarta a Kano ta ce ba a ganin fuskar kowa a layin baya, sai haƙora da ɗan kunne. Sai a lokacin na zauna na yi gwajin da ya kamata in fara da shi. Fayil na farko ya hau kan aikin asali daidai, ko gezau. Laifin nawa ne: sabon allon da na saya mai faɗin launi ne, ban kunna kula da launi ba, kuma sati biyun nan duka a ɗaki mai duhu na yi su. Ruwan hantar da nake gani allon ne ke ƙara masa, ni kuma har ina rage shi da hannuna.

Na kunna abin da ya kamata, na ɗaga labule, na sake bin aikin tun daga shigowar amarya. Na roƙi Hajiya ta aiko mini da ƙyallen leshin da ya rage wajen tela, direbanta ya kawo a cikin leda. Na ajiye shi kusa da taga ina dubawa ina duba na'urar awo. Na fitar da guda biyu, ɗaya na waya, ɗaya na talabijin ɗin majalisa, na rubuta wa kowanne sunansa da Larabci da Hausa don kada a haɗa. Na talabijin ɗin da kaina na kai, na karɓi rimot na cire shi daga saitin shago kafin a kira amarya ta zo ta gani.